Ku Tambayi Gwaggo Malama: Kare a Bangon Littafi

Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki. Huɗu daga ciki duk a kan abu ɗaya suke, wato littattafan nan na Turanci masu labarin yaro da karensa, waɗanda wasu makarantu suka fara ba ɗalibai su tafi da su hutu. Masu tambaya a kan yaron da ya ƙi haddar jadawalin sau, ku yi mini uzuri sai wata mai kamawa in muna da rai.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Gwaggo. Ɗiyata tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ta zo da wani littafi daga makaranta mai suna Shiloh, da hoton kare a bango da wani tambari mai ruwan zinariya. Tun da ta fara shi ba ta da zance sai na karen nan, shekaranjiya har tana tambayata ko zan samo mata kwikwiyo. Mu kuwa tun kakanni ba a ajiye kare a gidanmu. Na karɓe littafin na jefa a aljihun mota. Uwarta ta ce na yi gaggawa. Shin ya dace 'ya'yan Musulmi su riƙa karanta irin wannan?
Wani uba, Mabera

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai je ka ciro littafin nan daga mota. Zafin Sakkwato ba ya barin littafi da rai a rufaffiyar mota. Gam ɗin zai narke, shafukan su zube ɗaya bayan ɗaya, ka ƙare da biyan makaranta kuɗin abin da ko buɗewa ba ka yi ba.

Ga abin da ke ciki. Wata Ba'amurkiya ce, Phyllis Reynolds Naylor, ta rubuta shi, ya fito a 1991. Yaron sunansa Marty, shekararsa 11, ɗan talakawa ne a wani ƙauye cikin duwatsun jihar West Virginia. Ubansa mai raba wasiƙu ne, abincin gidan ma a ƙididdige yake. Wata rana wani ɗan karen farauta ya biyo shi, duk a firgice, ko haushi ba ya yi. Ashe na wani mutumin yankin ne, mai harbin karnukansa da ƙafa yana barinsu da yunwa. Uban yaron ya ce kayan mutane ne, a mayar. Aka mayar. Karen ya sake gudowa. Wannan karon yaron ya ɓoye shi a kan tudu bayan gidansu, ya yi masa ɗan shinge, yana rage abincinsa yana kai masa a asirce.

Daga nan ne labarin ya yi nauyi. Don ya rufe wannan asiri sai da ya yi wa uwarsa ƙarya, ya yi wa ubansa, ya yi wa abokinsa. Ya je kanti yana neman abincin da ya kwana a sayar masa da arha, mai kanti ya ɗauka yunwa ce ta shiga gidan, zance ya zaga gari, har mutane suka fara ajiye wa uban abinci a akwatunan wasiƙa, shi kuma bawan Allah yana ta mamaki. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya: wani ƙaton kare ya tsallaka shingen da dare ya yayyaga ɗan karen, asiri ya tonu. A ƙarshe yaron ya yi wa mutumin nan ƙwadago na awa 20, dala biyu kowace awa, don ya fanshi karen a dala 40. Yana tsakiyar aikin mutumin ya yi masa dariya ya ce takardar da suka rubuta banza ce tunda babu shaida. Yaron bai ajiye aikin ba sai da ya cika alkawarinsa.

Akwai wuri ɗaya da nake so ka tsaya da ɗiyarka a kai. Abin da ya sa mutumin ya yarda da cinikin shi ne yaron ya kama shi ya harbi barewa a lokacin da doka ta hana, sai ya ce zai yi shiru in an ba shi karen. Ka ga kenan ya sayi alheri da rufe laifi. Marubuciyar ba ta wanke shi ba, shi ma yaron abin ya tsaya masa a rai. Ka tambaye ta: da ke ce, me za ki yi? Na rantse za ka ji abin da ke cikin kan ɗiyarka fiye da yadda ka ji a shekara guda.

Batun addini kuwa, ni ba malamar fiƙihu ba ce, malamar Turanci ce da ta sha ƙurar alli shekara talatin da biyar. Amma na zauna gaban malam a zaure kamar kowa. A Iziyya mun karanta cewa duk mai rai mai tsarki ne, mutum ko waninsa, kuma wannan ita ce mazhabar Imamu Malik da muke kai a ƙasar nan. Wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki, malamanmu na Malikiyya sun ɗauke shi umarni ne da ake bi don bauta, wasu mazhabobin kuma suka ce najasa ce. Hadisi ya zo cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da yake ciki. Duk wannan gaskiya ne, kakanninka ba su yi kuskure ba. To amma a cikin Buhari da Muslim ɗin nan dai aka ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro, ya shayar da karen da ke lasar ƙasa don ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Kuma duk Juma'ar da ka karanta Suratul Kahfi kana wucewa ta kan aya ta 18, inda karen samarin nan ya shimfiɗa ƙafafunsa a bakin kogo. Hatta Ibn Abi Zaid, mai Risala, an ruwaito cewa da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro ya ajiye kare, da aka tuna masa Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye.

Don haka ajiye kare a ɗaki daban, tausayinsa daban. Abin da ke cikin littattafan nan da ba namu ba shi ne kare a kan gado, kare yana lasar fuska, kare a gindin kwanon abinci. Wannan sai ka gaya mata kai tsaye: su haka suke yi, mu ba ma yi, ga dalili. Yarinyar da ta kai sakandare ta isa ta riƙe abu biyu a kanta. Tana kallon finafinan Indiya ai, ba ta fara ɗiga jan abu a goshi ba.

Kwikwiyo kuwa, kana da ikon cewa a'a, ni ma da a'a zan ce a gidan haya cikin Mabera. Amma kada ka tsaya a nan. Abin da take nema shi ne wani abu mai rai da zai zama nata, wanda in ba ta tashi ba zai kwana da yunwa. Ka saya mata 'yar akuya ja, irin tamu ta Sakkwato da duniya ta san fatarta, ka ce dusa da ruwa da shara duk a wuyanta. Sai dai ka sanar da ita tun yau ko ta kiwo ce ko ta layya, kada wata Sallah ka rubuto mini wata wasiƙar.

TAMBAYA: Gwaggo, barka da aiki. Ɗana mai shekara goma ya karanta Old Yeller, yayansa ya aro masa. Da ya kai ƙarshe sai ya kifa kai ya yi ta kuka, ya ƙi cin tuwon dare. Babansa ya yi masa faɗa wai namiji da kuka a kan kare, karen ma na takarda. Ni kuma haushin marubucin nake ji. Me ya sa za a rubuta wa yara labari a kashe abin da suka fi so a ciki? Ko in hana shi irin waɗannan?
Wata uwa, Runjin Sambo

AMSA: 'Yata, ki bar marubucin ya huta, bai yaudari kowa ba. Fred Gipson tun a shafin farko ya sa yaron ya faɗa da bakinsa cewa ƙarshenta shi ne ya kashe karen. Ɗanki ya karanta wannan, ya ci gaba, yana fatan ko za a fasa. Duk mun yi hakan.

Ga waɗanda ba su san shi ba: littafin ya fito a 1956, labarin kuma a Texas yake, shekarun 1860. Uba ya kora shanu zuwa kasuwa mai nisa a Kansas, ya bar wa ɗansa Travis, ɗan shekara 14, gona da uwa da ƙane. Wani karen yawo mai ruwan ɗorawa, ɓarawon nama, ya maƙale wa gidan. Yaron ya tsane shi da farko. Karen ya ceci ƙanen, ya ceci shi kansa yaron daga aladun daji. Sai ciwon hauka ya ɓarke a cikin dabbobin yankin, wani mahaukacin kyarkeci ya afka wa uwar, karen ya tare shi, ya sha cizo. Babu magani a lokacin, don sai a 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum allurar wannan ciwo a Faransa, wani yaro ɗan shekara tara. Bindiga kawai ta rage, kuma babu namiji a gidan sai Travis.

Zan gaya miki abin da ya sa ban taɓa iya karanta wannan babi da ƙarfi ba tare da na tsaya na sha ruwa ba. A wani ƙauye kusa da Wurno na tashi. Yayana yana da karen farauta, muna ce masa Gajere. Bai taɓa tsallaka zaure ba. A gindin rumbu yake kwana, a wani fasasshen kasko ake zuba masa ƙanzo da ruwan wankin tukunya. In an sha ƙasa da kaka aka fita farautar zomo, shi ke gaba. In yayana ya tafi fadama ban-ruwan albasa, yana kwance a bakin kwari yana jiransa har faɗuwar rana. Wata bazara, ina aji uku na firamare, wani baƙon kare ya shigo gari da rana tsaka, wutsiya a ƙasa, dalala na zuba, yana cizon duk abin da ya tarar har turmi. Mata suka kwashe yara suka rufe ƙyaure. Gajere ne ya tare shi a bakin rijiya. Kafin maza su iso da sanduna ya samu rauni a kafaɗa.

Washegari da asuba baba ya kira wani maharbi. Ba a gaya wa yayana ba, ƙarar kawai ya ji daga bayan gari. Ya zauna a gindin rumbun nan, kaskon na gabansa, hawaye na zuba. Baba ya fito zai tafi gona ya ce masa, da irin maganarmu ta nan, "Mi kaka yi ma kuka? Kare na fa." Wato kare ne fa. Yayana bai ɗaga kai ba ya ce, "I, karena." Baba ya yi tsaye kaɗan, ya saɓa fartanya ya wuce. Ba a sake tayar da zancen ba a gidanmu. Yayana ya tsufa ya yi jikoki, bai ƙara ajiye kare ba.

Baba ya yi daidai da ya kira maharbi. Abin da ya rage shi ne wani ya zauna da yaron ya gaya masa dalili, ya bar shi ya yi kukansa. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. A littafin, da uban Travis ya dawo bai ce masa namiji ba ya kuka ba, zama ya yi da shi suka yi magana. Ki nemo wannan shafin ki ba maigidanki cikin dabara, bayan ya ci ya ƙoshi.

Kada ki hana yaron. Wanda ya yi kuka a kan takarda ya iya karatu kenan, don ba baƙaƙe yake haɗawa ba, ya shiga ciki. Na koyar da ɗaruruwa da suka ci jarrabawa ba su taɓa kaiwa nan ba. In dai kin ga zuciyarsa tana bukatar hutu, ki nemo masa Because of Winn-Dixie na Kate DiCamillo, na shekarar 2000. Yarinya ce 'yar shekara goma, ɗiyar fasto, uwarta ta tafi ta bar su, suka koma sabon gari a Florida ba ta san kowa ba, ta tsinci wani kare yana ɓarna a babban kanti ta ce nata ne. Karen mai tsoron tsawa ne, kuma na yi miki alkawari yana nan da ransa har shafin ƙarshe. Akwai coci a ciki da kare a ɗaki, kin ji abin da na gaya wa mai wasiƙar farko.

Tunda zancen ya zo, ciwon da ya kashe karen littafin yana nan a unguwanninmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ki koya wa ɗanki: in kare ya cije shi ko ya yakushe shi, kada ya ɓoye don tsoron duka. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar don allura. Ƙona gashin karen a shafa, yadda na ga ana yi a ƙauye, ba ya hana komai, kuma da zarar alamun ciwon sun bayyana an makara. Masu karnukan gadi da na farauta kuma, ga likitocin dabbobi nan a gari, Jami'ar Usmanu Danfodiyo ma tana da tsangayarsu. A kai a yi musu rigakafi.

TAMBAYA: Ranki ya daɗe Malama. Ni ɗalibi ne a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ina koyon koyarwa a wata firamare. Ina so in fara karanta wa 'yan aji shida labari. Mene ne ma'anar tambarin da ke bangon waɗannan littattafai, wani zinariya wani azurfa? Da wanne zan fara? Turancin yaran kuma da sauransa.
Ɗalibinki daga nesa, Gidan Dare

AMSA: Ɗana, Allah ya ba ka haƙurin aikin. Tambarin na lambar Newbery ne. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ke bayar da ita duk shekara tun 1922, an sa mata sunan John Newbery, wani mai buga littattafan yara a Ingila a ƙarni na 18. Kwamitin mutum 15 ke zaɓe. Mai ruwan zinariya shi ne gwarzon shekara, masu azurfa su ne waɗanda suka biyo baya aka yaba musu. Shiloh ya ci zinariya a 1992, Old Yeller azurfa a 1957, na yarinyar Florida azurfa a 2001. Ka lura da abu ɗaya: marubuta 'yan Amurka ko mazauna ƙasar kawai ake ba wa. Don haka tambarin shaida ce cewa manyan can sun yaba, bai ce komai ba a kan yaron aji shida a Gidan Dare. Akwai masu zinariya da na fara na ajiye don barci. Akwai kuma Where the Red Fern Grows na 1961, yaron da ya yi shekara biyu yana tara dala 50 don ya sayi karnuka biyu, bai ci Newbery ba amma har yau ana karanta shi. Su kansu Amurkawa suna ba'a cewa in ka ga kare da lambar yabo a bango ɗaya, to ka fara yi wa karen ta'aziyya.

In ni ce kai, da Sounder zan fara. William H. Armstrong ya rubuta, ya fito a 1969, ya ci zinariya a 1970, kuma siriri ne. Iyali ne baƙaƙen fata a kudancin Amurka, suna noman kashi-mu-raba a gonar wani farar fata. Hunturu ya yi tsanani, farauta ta ƙi, uban ya sato naman alade don yaransa su ci. Ka shirya wa wannan wurin, don ajin zai yi "tir" gaba ɗaya. Ka bar su su gama, sannan ka tambaye su abin da yunwar kwana uku take sa uba ya yi. Aka zo aka ɗaure uban aka jefa a keken doki. Karen ya bi su a guje, aka harbe shi. Yaron ya tsinci guntun kunnen karen a hanya ya sa a ƙarƙashin matashinsa. Bayan makonni karen ya dawo da ido ɗaya, yana ɗingishi, kuma ya daina haushi, shi da aka sa masa suna saboda amon muryarsa. Yaron ya yi shekaru yana bin sansanonin fursunoni yana neman ubansa, yana tsintar tsofaffin jaridu yana koya wa kansa karatu, har ya gamu da wani dattijon malami ya ɗauke shi. Ranar da uban ya dawo, nakiya ta shanye masa rabin jiki a wurin fasa dutse, ba wanda ya gane mai tafe daga nesa sai karen, kuma ranar ce ya sake buɗe murya.

A duk littafin kare ne kaɗai mai suna. Sauran "yaron", "uban", "uwar". Wasu marubuta baƙaƙen fata sun soki wannan, suka ce farar fata ya rubuta talakawansu ya hana su ko suna. Sukar tana da ƙarfi. Amma ga abin da na gani da idona. Tun da na yi ritaya, ranar Asabar bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaron ƙofar gidana in karanta wa yaran layinmu. Cikinsu akwai waɗanda iyayensu suka baro ƙauyukan gabas, wajen Isa da Sabon Birni, saboda 'yan bindiga. Da muka kai inda aka tafi da uban, wani yaro da bai taɓa magana ba tun da ya fara zuwa ya ɗaga hannu ya ce, "Gwaggo, shi karen ya san inda anka kai baban?" Na ce bai sani ba. Ya gyaɗa kai. Asabar ta gaba shi ya fara zuwa, shi ya shimfiɗa tabarmar. Rashin sunan nan ya bar masa wurin da zai shiga.

Batun Turanci: kada ka miƙa musu littafin ka ce su karanta. Kai za ka karanta, da ƙarfi, shafi biyu ko uku, ka rufe, ka ce wani ya maimaita da Hausa. Inda suka ɓace ka mayar da su hanya da Hausa, ba laifi ba ne. Kalma biyar kacal za ka rubuta a allo kowace rana. Ka tsaya a daidai inda rai ya rataya, ko sun roƙe ka kada ka ƙara. Kuma ka kiyaye, Shiloh da Old Yeller da bakin mutanen ƙauyen Amurka aka rubuta su, da gangan aka karya nahawu. Ka gaya wa yaran cewa kamar Sakkwatancinmu ne: "munka tahi" daidai ne a bakin kaka, amma a takardar jarrabawar Hausa "muka tafi" ake so. Na taɓa mantawa ban yi wannan gargaɗi ba, sati biyu ina jan biro ja a kan Turancin manoman West Virginia.

Samun littafin kuwa, ka riƙa leƙa masu gwanjon littattafai da ke shimfiɗawa a ƙasa. Nawa kwafin a bakin babbar kasuwa na tsince shi, tsakanin wani tsohon ƙamus da littafin koyon tuƙi, da hatimin wata makarantar Amurka a ciki. Kwafi ɗaya ya ishi aji.

TAMBAYA: Gwaggo ina wuni. Shekarata 13. Me ya sa duk na Turawa ne? Mu ma muna da kare a rugar kawuna, ya fi nasu wayo, ya san kowace saniya.
Jikanki, Gwadabawa

AMSA: Lafiya lau, maigidana. Ba duka ne na Turawa ba. Akwai Boom Boom na Jude Idada, ɗan Nijeriya, labarin wani yaro da karensa da ƙanwarsa mai ciwon sikila. Shi ya ci babbar gasar adabi ta kamfanin gas na NLNG a 2019, dala 100,000. Amma da Turanci yake, kuma babu ruga a ciki.

Littattafan Hausa da iyayenka suka karanta a makaranta, irin su Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar, gasa ce aka sa a 1933 ta haife su, kuma Abubakar Imam yana da shekara ashirin da 'yan kai lokacin da ya rubuta nasa. Kafin ranar ba wanda ya rubuta irinsu, sai da wani ya zauna ya ɗauki alƙalami.

Karen bana shi ke maganin zomon bana. Ka samo littafin rubutu mai shafi arba'in. Ban ce ka rubuta mini cewa karen yana da wayo ba, wannan kowa zai faɗa. Ina so in san sunansa da wanda ya raɗa masa. Me yake ci da rani in nono ya ƙafe? Ina yake kwana in ana ruwa? Wace saniya ce ba sa shiri da ita? Wa ya tsane shi a gidan, kuma me ya yi masa? Ka rubuta ranar da ya ba ka kunya gaban mutane, da ranar da kai ka yi masa laifi. Da Hausa, yadda kake magana, in kawunka ya yi Fulatanci ka bar masa abinsa. Shafi biyu na farko ka aiko ta ofishin mujalla, a rubuta "Gwaggo Malama" a bayan ambulan. Jan birona yana nan bai bushe ba.